Sabo da Sabo: Tarihin Marmarin Makaɗa ga Sababbin Kayan Kiɗa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata tambaya da makaɗa suke yi wa juna, wani lokaci da wasa, wani lokaci kuwa da damuwa, watau ko akwai ranar da makaɗi zai wayi gari ya ga marmarin sayen sabon abin kiɗa ya fita daga ransa. Wanda ba ya cikin sana'ar zai ɗauka tambayar ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Amma a bayanta akwai dukiya mai yawa da ta salwanta, da bashi, da ɗakunan da suka cika da kaya har babu masaka tsinke. Akwai kuma kaɗe-kaɗe masu daraja waɗanda da ba a same su ba, in da wani makaɗi ya haƙura da abin da ke hannunsa. Zuciyar mutum ba ta barin sawu a takarda, saboda haka za mu bi abin da ya bar sawu: wasiƙu, da littattafan cinikin maƙera, da lissafin gado, da takardun gwanjo. Irin waɗannan shaidu sun fi yawa a Turai da Amurka, inda aka daɗe da mai da kayan kiɗa haja, don haka can za mu fi daɗewa, kāna mu waiwayo gida mu gwada abin da muka samo da halin makaɗan Hausa.

Kafin mu shiga labari, akwai kalma guda da ya kamata mu tsaya a kanta. A rubutun boko, sabo da ake ce wa abin da bai tsufa ba, da sabo na wanda ya daɗe da abu har ya zame masa jiki, ba su da bambanci ko na baƙi ɗaya. Karin sauti ne kaɗai ya raba su: na farko gaɓoɓinsa biyu duk suna sama, na biyu kuwa gaɓar farko tana ƙasa, ta biyu ta hau. Dacewar furuci ce kawai, ba mu kafa hujjar asali a kanta. Amma ta yi mana amfani, gama yawancin masu amsa tambayarmu suna ɗauka abubuwan nan biyu kishiyoyi ne, in ɗaya ya shigo ɗaya ya fita: yaro yana bin sabon kaya, dattijo ya saba da nasa ya huta. Shaidun da za mu kawo sun saɓa wa wannan zato. Sau da yawa su biyun suna zaune gida ɗaya har mai gidan ya mutu.

Bari mu fara da lissafin gado guda. Johann Sebastian Bach ya rasu a birnin Laifzig na ƙasar Jamus a 1750, yana da shekara 65. Da aka zo ƙidayar kayansa, aka tarar da kayan kiɗa masu madannai 8, a cikinsu 5 irin wanda ake kira harpsikod ne, watau wan fiyano, wanda ke fizgar tsirkiya da ɗan tsinken gashin tsuntsu maimakon ya buge ta. Aka tarar da gogen Turawa manya da ƙanana wajen 10, da molo ɗaya. Lalle gidan Bach cike yake da 'ya'ya da almajirai, kuma kowa yana bukatar abin koyo, don haka ba za a ɗora duka a kan marmari ba. Amma akwai wata alama dabam. Sa'ad da Gottfried Silbermann ya soma ƙera fiyano a Jamus a shekarun 1730, ya nuna wa Bach, Bach ya kushe shi, ya ce muryoyin sama ba su da ƙarfi, madannan kuma suna da nauyi. Silbermann ya koma ya gyara. A 1747 Bach ya kaɗa gyararren a fadar Sarki Frederick a Fotsdam, a 1749 kuwa, shekara guda kafin rasuwarsa, ga sunansa a takardar cinikin wani fiyano da aka sayar wa wani basarake ɗan ƙasar Folan. Dattijo ne da idonsa ya soma mutuwa, amma bai juya wa sabon abu baya ba.

Wanda ya fi kowa bar mana shaida shi ne Ludwig van Beethoven, kuma a kansa za mu daɗe. An haife shi a Bon a 1770, ya koma Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1792, can ya zauna har rasuwarsa a watan Maris 1827. Don a gane labarinsa sai a san halin da fiyano yake ciki a lokacin. Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a Fulorans ta Italiya wajen 1700, da dabarar ƙananan gudumomi masu bugun tsirkiya, yadda mai kiɗa zai iya sassautawa ko ya ƙarfafa da yatsansa. Turawa suna auna faɗin muryar fiyano da abin da suke kira oktaf, watau tazarar da ke tsakanin murya da 'yar'uwarta ta sama mai kama da ita, kamar yadda namiji da mace suke rera waƙa ɗaya, ita a sama shi a ƙasa. Kowane oktaf yana da madannai 12. Fiyanon da Beethoven ya taras a Biyana mai oktaf 5 ne, madannai 61, jikinsa duk katako, muryarsa siririya. Wanda muka sani yau yana da madannai 88 da ƙashin ƙarfe a ciki. Kusan rabin wannan girma ya auku ne a cikin rayuwar Beethoven, kuma maƙera suna ta tsere da juna, na Biyana da na Landan da na Faris, kowa da irin nasa.

Tun 1796 ya rubuta wa abokinsa maƙerin fiyano, Johann Andreas Streicher, yana kukan cewa fiyano bai kai inda ake so ba, sau da yawa mai sauraro zai zaci molo mai tsirkiyoyi da yawa ake kaɗawa. A watan Nuwamba 1802 ya rubuta wa wani abokin nasa, Zmeskall, cewa maƙera sun dame shi, kowa yana so ya yi masa fiyano kyauta, amma shi na Anton Walter yake so, na katakon maɗaci, da wata dabara ta sassauta murya, kuma a shirye yake ya biya. Mai karatu ya lura da ranar wannan wasiƙa. Wata guda ke nan bayan da ya rubuta wa ƙannensa wasiyyar nan tasa ta ƙauyen Heiligenstadt, inda ya bayyana musu kurmancewar da ta kama shi, da yadda ya kusa yanke ƙauna daga rayuwa. Mutumin da ya san kunnensa yana tafiya, ga shi yana cinikin irin katako.

A 1803 wani fiyano ya iso masa daga kamfanin Érard na Faris, mai madannai 68, da feda 4 da ake takawa da ƙafa don sauya murya. An daɗe ana ɗauka kyauta ce ta girmamawa. Amma masu bincike da suka duba littafin cinikin kamfanin sun tarar an shigar da shi a matsayin abin da aka sayar, ba su kuwa ga inda aka rubuta ya biya ba. Ko ta wace hanya ya samu, amfanin ya fito nan da nan. Sonata tasa ta 1804, wadda ya sadaukar ga Waldstein, ta hau kan muryoyin sama waɗanda babu su a tsohon fiyano mai madannai 61, abin da a da yakan kauce masa ko da kiɗan ya nemi hawa. A nan ne ya kamata mu yi hattara da kalmar kwaɗayi. Wanda ya tsara kiɗa a ransa, ya miƙa yatsa ya tarar madanni ya ƙare, bukatarsa ta gaske ce. Sai dai daɗin bai daɗe ba. Madannan Érard sun yi masa nauyi, ya sa aka yi ta gyara, kafin 1810 ta fita ya gaya wa Streicher fiyanon nan na Faransa ba shi da sauran amfani. Duk da haka bai rabu da shi ba sai bayan shekara goma sha, sa'ad da ya ba ƙanensa Johann. Yana nan ajiye a gidan tarihi a birnin Linz.

A 1817 ya roƙi Nannette Streicher, matar abokin nasa, wadda ita ce ainihin mai riƙe da maƙerar, a shirya masa fiyano mai ƙara iyakar yadda za a iya, saboda raunin jinsa. A wannan shekara kuma Thomas Broadwood na Landan ya ziyarci Biyana, ya koma gida ya zaɓar masa ɗaya daga cikin nasu, mai madannai 73, wasu manyan makaɗan Landan suka sa hannu a jikinsa. Aka ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Tiriyasta, daga nan a keken doki zuwa Biyana, bai iso ba sai cikin 1818. Tun kafin ya sa shi a ido, Beethoven ya aika da wasiƙar godiya da Faransanci, yana kwatanta shi da wurin miƙa hadaya. Duk wanda ya taɓa jiran kaya a hanya ya san wannan hali, abin ya fi daɗi tun bai iso ba.

Ga wani abin lura a kan wannan fiyano. A lokacin da yake hanya, Beethoven yana tsara babbar sonata tasa, wadda ita ce ta 106 cikin jerin ayyukansa. Fiyanon Biyana na lokacin da na Broadwood duk madannai 73 gare su, amma ba wuri ɗaya suka fara ba: na Biyana ya fi hawa sama, na Landan ya fi sauka ƙasa. Kashi uku na farkon sonatar sun dace da na Biyana, suna taɓa muryoyin da babu su a na Landan. Kashi na ƙarshe kuwa ya sauka inda na Biyana bai kai ba. Watau ya tsara kiɗan da babu ɗaya cikin fiyano biyun da zai iya ɗaukarsa daga farko har ƙarshe. A ganina wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a duk labarin, domin ta nuna inda marmarin yake tsirowa. Abin kiɗan da yake ji a kansa kullum yana gaban wanda ke ɗakinsa da taki ɗaya.

Daga 1818 sai da rubutu ake magana da shi, baƙo ya rubuta a ɗan littafi, shi ya amsa da baki. Da tsufa da rashin ji suna kashe marmari, to nan ne ya kamata ya mutu. Maimakon haka, a 1820 ya sa aka gina wani irin rumfa a kan fiyanon Broadwood don ta tattaro sauti ta turo masa. Ya riga ya gwada ƙahonin ji da Johann Mälzel ya ƙera masa, kuma yana cikin na farko da suka rungumi agogon ƙidayar kiɗa na shi Mälzel ɗin, har ya buga lambobinsa a kan ayyukansa a 1817. A 1824 wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Stumpff ya zo daga Landan ya ziyarce shi, ya tarar da Broadwood ya jigata, tsirkiyoyi sun tsintsinke sun harɗe da juna, gama mai shi yana dukansa da ƙarfi don neman abin da zai ji. Sa'an nan wajen 1826 Conrad Graf ya ba shi aron wani sabo, mai madannai 78, wanda aka ƙara wa tsirkiyoyi don ƙara. Sonata tasa ta ƙarshe ta riga ta kammalu tun 1822, ƙananan kaɗe-kaɗensa na ƙarshe na fiyano kuwa a 1824. Fiyanon Graf bai haifi wani babban aiki ba, da ƙyar ne ma in ya ji muryarsa. Amma ya karɓa, ya ajiye shi kusa da Broadwood a ɗakin da ya rasu. Karl Holz, wanda ya yi masa hidima a shekarun ƙarshe, ya ruwaito cewa har a lokacin yana ganin fiyano abin kiɗa ne da bai isa ba. Bayan rasuwarsa Graf ya ɗauke kayansa, yanzu yana gidan da aka haifi Beethoven a Bon. Broadwood kuwa ya faɗa hannun Franz Liszt, daga nan ya tafi gidan tarihi na Budafes.

Mai musu zai ce Beethoven ba ma'auni ba ne, tun da fiyano bai gama girma ba a zamaninsa, dole ne ya yi ta sauyi. Maganar tana da ƙarfi. To, sai mu duba abin kiɗan da ya riga ya gama girma, watau gogen Turawa, wanda siffarsa ta zauna tun ƙarni na 16 a hannun maƙeran garin Kiremona, kuma har yau ba a ɗauka an wuce aikin Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, da Giuseppe Guarneri, wanda ya rasu a 1744. Niccolò Paganini, gwanin goge da aka haifa a Jenowa a 1782, ya sami wani gogen Guarneri ƙirar 1743 tun yana saurayi, wajen 1802. Ya sa masa suna Igwa saboda ƙarfin muryarsa, da shi ya zagaye Turai, shi ya yi wasiyya a ba garinsu, yana can kuwa a fadar hukumar birnin Jenowa. In ana neman sabo irin na biyu, ga shi nan cikakke, kusan shekara 40 da goge ɗaya. Amma wannan bai hana shi saye ba. Ya tara goge masu tsada da yawa, har da na Stradivari, yana saye yana sayarwa har kusa da rasuwarsa a 1840. Ɗaya daga cikinsu ma ya bar tarihi. A farkon shekarun 1830 ya sayi wani babban goge mai kaurin murya, ƙirar Stradivari ta 1731, ya rasa kiɗan da ya isa ya nuna shi, sai ya nemi Hector Berlioz ya tsara masa. Abin da ya fito shi ne Harold a Italiya, a 1834. Paganini ya duba ya ga gogen yana yin shiru da yawa a ciki, ya ƙi kaɗawa. Sai a 1838 ya ji shi, ya aika wa Berlioz kyautar faran 20,000. Hannunsa ya tsaya a kan goge ɗaya, aljihunsa bai tsaya ba.

Duk waɗannan manyan makaɗa ne, a zamanin da abin kiɗa aikin hannu ne mai tsada. Abin ya zama na kowa da kowa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masana'antun Amurka suka soma fitar da jita mai aiki da lantarki kamar yadda ake fitar da keke. Leo Fender ya fito da tasa ta farko a 1950, kamfanin Gibson ya amsa da ƙirar Les Paul a 1952, Fender ya sake fitowa da Stratocaster a 1954. Jitar lantarki kuwa ba ita kaɗai take tafiya ba. Tana bukatar akwatin ƙara sauti, da ƙananan na'urori da ake takawa don sauya murya, kowanne kuma iri-iri ne, kowanne ana iya musanya shi. Nan ne ƙofa ta buɗe, don mutum yana iya cewa jitarsa ta ishe shi, ya ci gaba da sayen abin da ke kewaye da ita.

Wani abin mamaki ya biyo baya. Gibson ya daina ƙera Les Paul irin ta 1958 zuwa 1960 saboda ba ta kasuwa, waɗanda aka yi ba su kai 2,000 ba. A 1966 Eric Clapton ya yi faifai da ɗaya daga cikinsu tare da ƙungiyar John Mayall, sai samari suka bazama neman tsofaffin, har kamfanin ya komo da ita a 1968. Haka nan da Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a 1965, aka shiga cewa na kafin cinikin sun fi, farashinsu ya yi ta hawa. Watau kalmar sabo ta sauya ma'ana a bakin makaɗa. Ba a nufin abin da ya fito daga masana'anta jiya, ana nufin abin da bai taɓa shiga hannuna ba. Da zarar ma'anar ta koma haka, tsayawar ƙira ba ta da ikon kashe marmari, gama tsofaffin kaya ma ba su ƙarewa.

A 1996 Walter Becker, na ƙungiyar Steely Dan, ya rubuta wani ɗan sharhi na barkwanci a mujallar Guitar Player, ya kwatanta tara jita da cuta mai alamomi, ya raɗa mata suna, sunan kuwa ya bi bakin makaɗa, har a 2021 Jan-Peter Herbst da Jonas Menze suka rubuta littafi sukutum a kan batun. Becker ya rasu a 2017 yana da shekara 67. Da aka yi gwanjon kayansa a 2019, aka fito da jita fiye da 600 da akwatunan ƙara sauti wajen 400. Wanda ya gano cutar, ya bayyana ta filla-filla, da ita ya tafi.

Akan kawo gwanjon da wasu suka yi da ransu a matsayin shaidar warkewa. Clapton ya sayar da jita 100 a Niyok a 1999, aka tara fiye da dala miliyan 5 don wata cibiyar jinyar masu shaye-shaye da ya kafa a tsibirin Antigwa. Amma ya sake wani gwanjon a 2004, inda shahararriyar jitarsa Blackie ta tashi a dala 959,500, ya kuma sake a 2011. Rumbun da aka kwashe sau uku, ai ba a daina zuba masa ba. David Gilmour ya sayar da fiye da 120 a 2019, aka sami fiye da dala miliyan 21, ya ba da su sadaka ga aikin kare muhalli. Wannan ya nuna mutum yana iya gajiya da ajiya, ajiya kuwa dabam take da marmari.

Akwai dai waɗanda sabo ya ɗaure da gaske. Willie Nelson ya sayi wata jita ƙirar Martin a 1969, ya sa mata suna Trigger, ya kaɗa ta fiye da shekara 50, har yawan kaɗawa ya huda rami a fuskarta. Brian May da mahaifinsa suka fara sassaƙa tasa a 1963, wuyanta daga tsohon katakon murhu, da ita ya yi kusan duk faifan ƙungiyar Queen. Hausawa suna cewa sabo turken wawa, amma a nan turken na mai hankali ne, domin muryar kayan ta zama sunan mai shi, masu sauraro suna gane shi da ita kafin ya buɗe baki, in ya sauya ya yi asara. Sai dai turken yana iya tsigewa. Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, ya sami wani Steinway a Toronto a 1960 wanda ya dace da yatsunsa, ya huta da nema. A 1971 fiyanon ya faɗi a hannun masu dako ya lalace, aka yi ta gyara bai koma yadda yake ba, Gould ya koma nema, har faifansa na 1981 ya yi shi da Yamaha, shekara guda kafin rasuwarsa.

Yanzu sai mu waiwayo gida, gama duk wanda ya san makaɗan Hausa zai ce ga inda tambayar ba ta da wurin zama. Alhaji Mamman Shata ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa, kalangu ne a bayansa har ya rasu a 1999. Ɗan Maraya Jos da kuntigi aka san shi, gwangwanin kifi da fata da tsirkiya ɗaya. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso, Haruna Uji da gurmi, Barmani Coge da ƙwarya. Ana iya ɗora wannan a kan ƙana'a, amma ina ganin dalilan suna cikin tsarin sana'ar. Abin kiɗan Hausa yana da ma'abota: kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, taushi da kotso na sarakuna. Makaɗin da ya sauya abin kiɗa ya sauya ubangida ke nan, wani lokaci ma ya bar gadon gidansu, har sarautar makaɗa da sunan kayan ake kiranta, Sarkin Taushi, Sarkin Kotso. Harshe ma ya ba da tasa shaidar. Fi'ilan da suke tafiya da ganga su ne sassaƙa da ɗaure, masassaƙi ya fafe kango, makaɗi ya ɗaura fata, in ta fashe ya sake wata. Mai goge ya nemi ƙwarya da fatar guza da izgar doki. Kayan da ake sabuntawa kullum da hannu ba sa tara marmarin sabo, don sabuntar tana cikin aikin yau da gobe. Abin da makaɗi yake hange kuwa, wanda yake nuna ya ci gaba, shi ne riga da doki, daga baya mota da kujerar Makka, da yawan 'yan amshi a bayansa.

Inda kaya suke da tsada, kamar tambura da kakaki, na sarauta ne, makaɗi riƙo yake yi. A nan marmarin na sarki ne. Tarihin Kano ya lasafta kakaki cikin sababbin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada, tare da figini da takalman gashin jimina.

Gwajin wannan bayani ya zo da kansa a shekarun 1990, sa'ad da finafinan Hausa na bidiyo suka kafu a Kano. Kiɗansu da ƙaramin fiyanon lantarki aka riƙa yinsa, na Casio da na Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a gabansa ya fitar da sauti mai kama da ganga da sarewa da goge. Wannan kaya ba shi da ubangida, ba gadon kowa ba ne, ba a sassaƙa shi, ba a ɗaure masa fata. A kanti ake sayensa, kamfanin kuma yana fito da sabon samfuri mai ƙarin muryoyi bayan 'yan shekaru. Ɗakin ɗaukar sauti da ya riga saura samun sabon samfuri yakan ja masu shirya fim, saura kuwa dole su bi. Jikokin masu kalangu da kotso suka shiga tseren da Beethoven ya yi da maƙeran Biyana, cikin ƙasa da shekara 10. Bayan 2000 kwamfuta ta karɓi aikin, abin saye ya koma manhaja da tarin muryoyin da ake zuba mata, waɗanda ba su cin wuri a ɗaki balle a ga yawansu. Ɗan Maraya ya rasu a Jos a watan Yuni 2015 bai bar kuntigi ba, alhali a lokacin yawancin waƙoƙin Hausa da ake saye a kasuwa ba a taɓa fata ko tsirkiya wajen yin kiɗansu ba.